Lodi: darasi daga ƙaramin jirgin sama

Duk wanda ya taɓa ganin amalanke a kasuwar Agiye an jibga mata buhunan aya daga baya har jaki ya ɗaga sama yana wutsil-wutsil da ƙafafu, to ya riga ya ga babban darasin da ake koya wa matuƙan jirgin sama. Sau da yawa kayan ba su fi ƙarfin jakin ba, wurin da aka aza su ne bai dace ba.

Jirgi ƙirar Cessna 172, mai kujeru huɗu, ba a yarda ya tashi da nauyin da ya zarce wajen kilo 1.100 ba, har da nauyin kansa. Lita 200 ta mansa kilo 144 ce. Ke nan idan an cika tanki, ƙattai huɗu da kayansu ba za su shiga ba. Wannan lissafi mai sauƙi ne. Na biyun shi ne mai wuya: kowane kaya sai an ninka nauyinsa da nisansa daga cibiyar nauyin jirgin. Jakar kilo 20 da aka ajiye mita 3 can wajen wutsiya tana rinjaya daidai da mutum mai kilo 60 da ke zaune mita 1 daga cibiyar. Idan nauyi ya koma baya, hanci ya ɗaga fiye da kima, fukafukai su kasa riƙon iska, jirgi ya rikito. Idan kuwa ya taru gaba, hanci ya ƙi ɗagawa har filin gudu ya ƙare. Ga kuma zafin bazara irin na Maraɗi, mai haura digiri 40, wanda ke sa iska ta yi sako-sako, jirgi ya buƙaci dogon gudu kafin ya tashi.

Kada a ce manyan jirage sun tsira. Ranar 25 ga Disamba 2003, wani Boeing 727 ya kasa tashi a Kwatano, ya faɗa bakin teku, mutane fiye da 130 suka rasu. Bincike ya nuna lodi ya wuce ƙa'ida, kuma matuƙan ba su san yadda aka raba shi ba.

Mu dawo gudron ɗinmu, daga Gidan Rumji zuwa Gazawa. Ran kasuwa ana tsiba wa mota wake da gujiya bisa rufi har tsawonta ya kusa ninkawa, sannan fasinja su ɗare a kai. Cibiyar nauyi ta hau sama, kwana ɗaya ta isa ta kifar da ita. Dokar UEMOA ta 2005 ta ƙayyade nauyi gatari-gatari, tan 11,5 ga gatari ɗaya na baya, amma manyan kamiyo aka yi ta dominsu. Ƙananan motocin kasuwa kuwa, a ganina, alhakinsu yana wuyan shugabannin tasha da ƴan kamasho, tunda a gabansu ake ɗaure igiya.