SHARHI: Gidan Batir da Makomar Masu Gyaran Kayan Lantarki

A cikin kayayyakin lantarki da ake shigowa da su Nijeriya daga ƙasashen waje, da wuya a sami abin da ake rainawa kamar ɗan gidan robar da ake jera batura a cikinsa. Amma duk mai gyaran rediyo ko tocila ko ma'aunin kanti ya san cewa da zarar wannan gida ya tsage, ko sifirin ɗinsa ya yi tsatsa, to na'urar baki ɗaya ta tashi aiki, ko da kuwa sauran kayan cikinta lafiya lau suke. Abin da akan gani a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja, da Alaba, da Ariaria ta Aba, shi ne a ɗaure batura da salatif, a cusa takardar sigari mai ƙyalli a tsakaninsu, a sallami mai kaya da fatan alheri.

Wannan lamari ya ƙara muhimmanci tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi, inda dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Sayen sabuwar na'ura ya yi wa talaka nauyi, gyara kuwa ya zama tilas. A nan ne na'urar nan da ke ɗab'a kaya da narkakkiyar roba, wadda aka fi sani da firintar 3D, take da rawar da za ta taka, muddin an fahimci inda amfaninta yake da inda ya tsaya.

Ita dai wannan fasaha ba sabuwa ba ce. A 1989 ne Scott Crump, wanda ya kafa kamfanin Stratasys a Amurka, ya nemi haƙƙin mallakar dabarar narka zaren roba a riƙa shimfiɗa shi hawa-hawa har siffar da ake so ta fito. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath da ke Ingila ya soma shirin RepRap, wanda ya saki zanen na'urar kyauta ga kowa, kuma bayan da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a 2009 sai farashinta ya faɗi warwas. Saboda haka mallakar na'urar ba ita ce babbar matsala a yau ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka iya zana abin da za a ɗab'a bisa ma'auni.

Gidan batir misali ne mai kyau na wannan batu. Haɗa batura a jere yana nufin kan wannan ya taɓa gindin wancan, dabarar da Alessandro Volta na Italiya ya nuna tun a 1800. Da haka ƙarfin wutarsu ke taruwa: batir 4 masu bolt 1.5 kowanne suna ba da bolt 6, ƙananan LR44 guda 3 suna ba da bolt 4.5, haka nan CR2032 guda 2 suna ba da bolt 6. Sai dai yawan cajin da ke cikin jeren bai wuce na batir ɗaya ba, kuma mafi rauni a cikinsu shi ke yanke wa sauran hukunci, domin idan aka gauraya tsoho da sababbi, sababbin kan tilasta wa tsohon har ya fara yoyon ruwan da ke cin ƙarfe.

Abu na farko da ke gaban mai zane shi ne ma'auni. Batirin AA bai wuce milimita 14.5 a faɗi da 50.5 a tsawo ba, CR2032 kuwa milimita 20 ne a faɗi da 3.2 a kauri. Robar da aka narka takan ɗan bazu, ramin da aka ɗab'a kuma yakan fito ƙasa da yadda aka zana shi, don haka akan bar rarar kimanin milimita 0.2 zuwa 0.4. Idan rarar ta gaza, batir ya maƙale. Idan ta yi yawa, ya riƙa motsi wuta na ɗaukewa.

Abu na biyu shi ne mahaɗar wuta. Roba ba ta ɗaukar lantarki, kazalika ba ta jure dannawa na dogon lokaci, domin sifirin ɗin da aka ɗab'a da roba yakan saki jiki sannu a hankali. Zane mai inganci yakan bar wa ƙarfe aikin matsewa, ta hanyar sifirin ko ɗan fallen nikel, a bar wa roba aikin riƙewa kawai. Har ila yau wajibi ne a nitsar da mahaɗar kai a cikin ɗan rami, ta yadda ƙululun kan batir kaɗai zai iya kai wa gare ta. Hikimar haka ita ce, idan aka juya batir 1 cikin 4, wutar kan faɗo daga bolt 6 zuwa bolt 3, sauran kuma su riƙa ɗura wa wanda aka juya caji, abin da kan jawo zafi da yoyo.

Abu na uku shi ne yanayin ƙasa. Zaren PLA, wanda ya fi sauƙin aiki, yana fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, zafin da cikin motar da aka ajiye a rana kan iya kaiwa a watan Afrilu. PETG yana jurewa zuwa wajen digiri 80, ABS kuma ya haura 100. Zanen da aka yi a ƙasa mai sanyi aka saki a intanet, ba lallai ne ya dace da Lakwaja ko Yola ba sai an sake duba shi.

Akwai kuma batun rai. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin sa'o'i 2. Wannan ne ya sa Amurka ta kafa dokar Reese a 2022, Ostareliya ma ta fara tilasta nata ƙa'idoji a shekarar, waɗanda suka wajabta murfin da yaro ba zai iya buɗewa cikin sauƙi ba. Bugu da ƙari, batura 18650 masu bolt 3.7 da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci suna iya kamawa da wuta idan aka jera su aka yi musu caji ba tare da allon kariya ba.

Masu shakku kan ce gidan batir na yau da kullum da ake shigowa da shi daga Sin ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma gaskiya suka faɗa. Masana'antar da ke zuba roba a ƙirar ƙarfe tana fitar da dubbai a lokacin da firinta ke fama da 'yan kaɗan, kuma zaren da firintar ke ci galibi daga waje yake zuwa. Duk wanda ya zuba jarinsa don yin gogayya a wannan fage, asara zai tafka. Ribar tana wajen kayan da babu su a kasuwa: murfin ma'aunin da aka daina ƙerawa, gidan batir mai baƙuwar siffa na wata na'urar asibiti, ko gwajin farko na wani sabon kaya kafin a kashe maƙudan kuɗi kan ƙirar ƙarfe.

Bisa ga wannan, ya kyautu Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta ba zane da kwamfuta da awo da ƙaramin ma'auni gurbi na sosai a kwalejojin fasaha, maimakon a sayi na'urori a kulle su a ofis. Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992 domin bunƙasa ƙere-ƙeren cikin gida, tana iya tattara zane-zanen da aka jarraba a yanayin ƙasar nan ta sake su kyauta ga masu gyara. Ita kuma Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki, SON, ya dace ta fitar da taƙaitacciyar ƙa'ida kan murfi da mahaɗa da irin robar da za a yi amfani da ita, a cikin harsunan da masu sana'a ke karantawa.

Su ma ƙungiyoyin masu gyara suna da nasu nauyi. Firinta guda a kowace kasuwa, da matashi guda da aka horar kan zane, sun isa su wadata shaguna masu yawa, a riƙa biyan kuɗin aiki bisa nauyin robar da aka ci da lokacin da aka ɗauka. Da sannu irin wannan tsari zai rage yawan na'urorin da ake jefarwa a juji saboda ɗan guntun robar da bai kai tsawon yatsa ba, ya kuma rage kuɗin musayar da ake kashewa wajen sayo madadinsu.