Ba kowane barci a gona ba ne ragwanci

Wata uwa daga Dayi ta rubuto mini kan ɗanta mai shekara 19. Ba ya iya kwanciya rigingine sai ya jingina da matasai, da asuba yana tashi da ciwon kai, kafin hantsi kuma ya fara gyangyaɗi a gonar masara. Mahaifinsa ya ce ragwanci ne, kakarsa ta ce dannau ne.

Hajiya, ban ga yaron ba, amma bayaninki ya tuna mini da cutar Pompe, wadda wani likita ɗan ƙasar Holan ya fara bayyanawa a 1932. Tsoka tana ajiye sukari, kuma akwai wani sinadari da ke narkar da ajiyar. Wanda aka haifa da ƙarancinsa, sukarin yakan taru har ya lalata tsokar cinya, ta baya, da shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda da ita muke jan numfashi.

A nan barci ya shigo. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana dakatar da saƙon da jijiyoyi ke kai wa yawancin tsokoki, sai ta bar wannan tsoka ɗaya da aikin numfashi. Idan ta raunana, ga hanji da hanta sun danno ta saboda kwanciya, gurɓatacciyar iska sai ta taru a jini. Ƙwaƙwalwa ta yi ta farkar da mutum cikin dare bai sani ba. Ciwon kan asuba ke nan.

Gadonta irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kuma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci, da muke yi da yawa, yana ƙara yiwuwar haɗuwar.

Cutar ba ta da yawa, kuma wasu cututtukan na kama da ita. Ki fara da babban asibitin Malumfashi, ki nemi a tura ku Shika ko asibitin Malam Aminu Kano, a auna numfashinsa a zaune da a kwance, a yi gwajin jini na tsoka. Tun 2006 akwai maganin ƙarin ruwa duk mako biyu, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Na'urar taimakon numfashi da dare ta fi kusa da hannu.

Kafin nan, don Allah kada a saya masa ƙwayar barci a kemis. Tana ƙara danne numfashi.