Unguwar da Babu Turke

A hamadar Arizona ta Amurka akwai unguwannin da aka yanka domin masu dawaki: fili mai faɗi, barga a bayan gida, da hanyar doki da aka zana a taswira, ba mai ikon ja mata katanga. Kuɗi suke zubawa su sayi abin da muka gada kyauta.

Mu fa, a Gummi, Anka da Bukkuyum, me muke saye? Fuloti ƙafa 50 sau 50, ko akuya ba ta samun wurin juyawa. Dillali ya ce kusa da titi ne, mu duba waya, mu biya. Taswirar waya kuwa ba ta san burtali ba, ba ta san hanyar mashaya ba, kuma wani lokaci su ne aka yanka mana. Ranar hawan Salla sai mu fito ɗaukar hoton dawakin sarki, alhali duk unguwarmu babu inda za a kafa turke.

Doki dai a iya haƙura da shi. Amma saniyar da aka toshe wa burtali gonar wani za ta faɗa, Zamfara kuma ta san abin da ke biyo baya. Kafin a rubuta takardar ciniki, mu je wa mai unguwa da dattawan wurin da tambaya ɗaya: da can, wa ke bi ta nan?