Sharhi: Rahoto kafin gyara, idan ɓarawo ya fasa gilashin mota a Khaibar

Tun bayan da hukumomin Saudiyya suka buɗe Khaibar ga masu yawon buɗe ido a ƙarshen shekara ta 2022, wannan tsohon gari mai dausayin dabino, wanda ke da tazarar kilomita sama da 150 arewa da Madina, ya shiga jerin wuraren da baƙi ke sha'awar gani. Ga Bahaushen da ya tashi da jin labarin yaƙin Khaibar na shekara ta 7 bayan hijira, wato 628 miladiyya, ziyarar ba ta buƙatar dogon bayani, musamman da yake bizar Umra a yanzu tana ba mai ita damar zagaya ƙasar. Daɗin daɗawa kuma, a shekara ta 2024 masanan tarihi na Faransa da Saudiyya suka sanar da gano ganuwa mai tsawon kilomita 14 da rabi, wadda ta kewaye dausayin tun kimanin shekaru 4,000 da suka wuce.

To amma fa ziyarar kango da ganuwa aba ce ta tafiyar ƙasa. Tilas a ajiye mota a yi nisa da ita, wani lokaci har na sa'o'i. Khaibar dai ba ta yi ƙaurin suna wajen sata ba, kuma wannan kwanciyar hankalin ne ma kan sa baƙo ya bar jakarsa a kan kujera, da fasfo da waya da kuɗin guzuri a cikinta, abin da ba zai kuskura ya yi a bakin kasuwar Kwari ba. Shi kuwa ɓarawo, a ko'ina yake, daƙiƙa kaɗan ta ishe shi. Gilashin gefen mota an ƙera shi ne ta yadda zai ruguje ya zama tsakuwa idan aka buge shi da abu mai tsini, saɓanin na gaba da ke da shimfiɗar roba a tsakiya mai riƙe shi.

Abin da ya fi dacewa a tattauna shi ne abin da kan biyo baya. Al'adar da yawa daga cikin Hausawa, a gida da waje, ita ce a yi salati, a share gilashi, a ce ƙaddara ce, sa'an nan a nufi wurin mai gyara. Ko shakka babu haƙuri abu ne mai kyau, amma a ƙasar da kusan kome ke tafiya bisa takarda, gaggawar gyara kan zama asara ta biyu. Wanda ya share kujera ya goge ƙofa ya shafe zanen yatsun ɓarawon da hannunsa. Matakin farko shi ne a bar motar yadda aka same ta, a ɗauki hotunanta ciki da waje, a kira lamba 911 da ke aiki a lardin Madina, ko a shigar da ƙara ta manhajar Kollona Amn. Abin lura a nan shi ne kamfanin Najm, wanda direbobi suka saba kira, aikinsa haɗarin mota ne. Sata kuwa laifi ce, hurumin 'yan sanda.

Akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa rahoton ke da muhimmanci. A shekara ta 2022 Saudiyya ta kafa dokar kyamarorin tsaro, wadda ta hana miƙa hotunan da suka ɗauka ko yaɗa su ba tare da izinin hukuma ba. Ke nan ko da kyamarar gidan mai ko ta masauki ta kama fuskar ɓarawon, mai wurin ba zai nuna wa baƙo ba don kawai ya roƙe shi, kuma hotunan ba sa daɗewa a ajiye. Wanda kuma ya samu hoton wani da yake zargi ya watsa a Facebook ko WhatsApp, yana iya wayar gari shi ne ake tuhuma da ɓata suna a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2007.

Sai batun inshora, inda a nan ne mutane da dama kan sha mamaki. Inshorar dole da kowace mota ke da ita tana biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani ne kawai, ba ta da ruwa da gilashin motarsa. Cikakkiyar inshora ce ke iya ɗaukar nauyin gyaran, ita ma bayan an cire kason da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota, kuma da wuya kamfani ya saurari maganar sata ba tare da takardar 'yan sanda ba. Idan motar ta haya ce lamarin ya fi tsanani, domin wanda ya je ya sa sabon gilashi a ɓoye, da nufin kauce wa dogon turanci, yana iya tarar da cewa ya karya sharuɗɗan hayar, a caje shi kuɗin gyara karo na biyu.

Wasu kan kawo hujjar tausayi, su ce ba sa son zama sanadin yanke hannun wani. A haƙiƙanin gaskiya malaman fiƙihu sun gindaya wa haddi sharuɗɗa masu tsauri, kuma galibin shari'o'in sata a kotunan Saudiyya kan ƙare ne da ɗauri. Ban da haka, mutum na yafe abin da yake nasa ne. Motar haya ba tasa ba ce, kazalika fasfo mallakar gwamnatin da ta bayar da shi ne, kuma rahoton ɓatansa na cikin abubuwan da ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya ko na Nijar a Jidda kan nema kafin ba da takardar komawa gida.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta waɗanda ba su da igama, ko tasu ta ƙare. Ga irin waɗannan, zuwa caji ofis tamkar kai kai ne ga masu tasa ƙeya, kuma ɓarayi sun san da haka sarai. Muddin wanda aka zalunta ya fi tsoron ɗan sanda a kan ɓarawo, to za a ci gaba da samun ɓarnar da ba ta shiga kundin kowa ba. Wannan ƙalubale ne ga mahukuntan ƙasar da kuma shugabannin al'ummar Hausawa mazauna Madina, waɗanda aƙalla za su iya raka wanda ba ya jin Larabci ya bayar da ba'asi.

Bayan an kammala da hukuma, sai a toshe katunan banki da layin waya idan suna cikin abin da aka ɗauke, a tsince manyan ɓaraguzai da safar hannu, a rufe tagar da leda mai kauri daga ciki. Kada a taɓa maɓallin ɗaga gilashi, saboda ragowar da ta zube cikin ƙofa tana iya lalata injinsa. Ledar ta wucin gadi ce kurum, don ba za ta jure iskar babbar hanyar Tabuka zuwa Madina ba, balle zafin bazara da kan haura digiri 40 a tsakanin baƙaƙen duwatsun yankin.

Ita kuma hukumar masarauta mai kula da Al'ula, wadda raya wuraren tarihin Khaibar ke hannunta, ya kamata ta sanya tsaron wuraren ajiye motoci cikin lissafinta tun yanzu, tare da allunan gargaɗi da lambar kiran gaggawa a harsunan maziyarta. Hausa, wadda aka daɗe ana jin ta a kasuwannin Makka da Madina, ta cancanci samun gurbi a kan waɗannan alluna.