Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kira Ga Masu Shirin Zuwa Tsibirin Saifurus

Mu mazauna Gwagwalada ba a jarida muke karanta labarin yajin aikin malaman jami'a ba, a ƙofar gida muke ganinsa. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi kusan wata tara ba a shiga aji ba. A 2022 ta sake yin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗakunan da ɗaliban Jami'ar Abuja ke haya suka zauna a kulle, masu abinci da 'yan acaɓa suka rasa ciniki, samari da 'yan mata suka koma gaban iyayensu suna lissafin watanni. Tun daga wannan lokaci sunan Saifurus, wani tsibiri da ke cikin Bahar Rum, ya ƙara kama bakin iyaye a unguwanninmu. Ban ga laifin uban da ya gaji da ganin ɗansa a zaune, ya ce bari ya nema masa inda shekara huɗu take zama shekara huɗu ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke shirya tafiyar. Duk wanda zai nufi tsibirin nan, karatu ne ya kai shi ko ziyara, wajibi ne ya tsara tafiyarsa tun daga ƙofar da zai shiga har zuwa ranar da zai dawo, kafin ya fitar da ko sisin kwabo.

Tsarin kuwa daga taswira yake farawa. Saifurus, wanda littattafan tarihin Musulunci ke kira Ƙubrus, shi ne na uku a girma cikin tsibiran Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya. Faɗinsa murabba'in kilomita 9,251 ne, wato bai fi Babban Birnin Tarayya da yawa ba. Daular Usmaniyya ta kama shi a 1571, Birtaniya ta karɓi ragamarsa a 1878, ya sami 'yanci a 1960. A watan Yulin 1974 masu son haɗe tsibirin da ƙasar Girka suka yi juyin mulki, sai Turkiyya ta tura sojojinta suka kama arewacinsa. Daga nan tsibirin ya rabu biyu. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus da duniya ta amince da ita, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, tana kashe kuɗin yuro tun 2008. Arewa, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, ta ayyana kanta ƙasa a 1983, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Kuɗinta lirar Turkiyya ne. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wani zirin fili mai tsawon kilomita 180 da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, ya ratsa ta tsakiyar Nikosiya, babban birnin.

Wannan tarihi yana da alaƙa kai tsaye da tikitin da ke hannun ɗanka. Wani maƙwabcina a Kutunku, dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya taɓa kawo mini takardun ƙaramin ɗansa in duba. Ya ce, “Malam, Allah Ya yi, yaron nan Turai zai tafi. Ejan ya ce in ya kwana biyu, Jamus ma zai iya wucewa.” Na ce, “Baba, a ba ni in ga filin jirgin da zai sauka.” Da na duba sai na ga Abuja zuwa Istanbul, Istanbul zuwa Ercan. Na ce masa wannan Arewa ce. Filin jirgin Ercan ba ya karɓar jirgi sai wanda ya taso daga Turkiyya, kuma gwamnatin Kudu ba ta ɗauke shi halattacciyar ƙofar shiga ba. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, in ya shiga ta Ercan, a idon hukumomin Kudu ya shigo ne ba bisa ƙa'ida ba, don haka za su iya hana shi tsallakawa. Ita kanta Kudun, bizarta ba ta kai mutum Jamus ko Faransa. Dattijon nan ya riga ya sayar da filinsa na Dagiri, amma babu wanda ya taɓa shimfiɗa masa taswirar inda yake tura ɗansa.

Ko mai zuwa buɗe ido, ƙofar da ya zaɓa ita ke yanke masa abin da zai gani. A Arewa akwai tsohon birnin Famagusta da ganuwarsa, da Masallacin Lala Mustafa Pasha wanda asalinsa majami'a ce kafin zuwan Usmaniyawa. Kusa da shi akwai Varosha, unguwar otal-otal da mutanenta suka gudu a 1974, aka rufe ta har zuwa 2020 da aka buɗe wani sashe. Akwai tashar ruwan Kireniya da tsohon sansaninta, akwai Masallacin Selimiye a arewacin Nikosiya. A Kudu kuwa akwai duwatsun Troodos da ke kai tsayin mita 1,952, da biranen Limasol da Pafos. Amma wurin da ya fi jan zuciyar Musulmi yana bakin tafkin gishiri na Larnaka: Hala Sultan Tekke, inda ake danganta kabarin Ummu Haram bint Milhan, matar Ubada ɗan Samit, sahabiyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa albishir cewa tana cikin rukunin farko na al'ummarsa da za su hau teku. Ta je tsibirin tare da rundunar Mu'awiya a zamanin Halifa Usman, a can ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu. Daga Nikosiya zuwa wurin bai wuce tazarar Gwagwalada da tsakiyar Abuja ba. Duk da haka ɗalibinmu da ya shiga ta Ercan zai iya gama karatunsa kaf bai sami damar hawa mota ya je ba. Mai son wannan ziyara sai ya nemi bizar Jamhuriyar Saifurus, ya sauka a Larnaka ko Pafos. In yana son ya leƙa Arewa daga can, akwai mashigai da aka fara buɗewa a 2003, har da na titin Ledra a tsakiyar Nikosiya da aka buɗe a 2008, amma ya tabbatar da sharuɗɗan ɓangarorin biyu kan mai fasfo ɗin Najeriya tun yana gida.

Abu na biyu guzuri. Arewacin Saifurus yana da jami'o'i sama da 20, kuma kuɗin ɗaliban waje na cikin abin da ke riƙe da tattalin arzikin yankin. Shi ya sa ake da dillalai masu karɓar la'ada kan kowane ɗalibi da suka kai. Ejan zai ce an ba yaro tallafin rabin kuɗin makaranta, uba ya ɗauka ƙwazon ɗansa ne ya jawo, alhali irin wannan rangwame ana ba mafi yawan masu nema. Sauran rabin da yuro ko dala ake biya. Haya, abinci, wuta, mota, inshorar lafiya da sabunta takardar zama duk suna nan suna jira. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura naira 1,500. A can ma lira ba ta zauna ba, domin hauhawar farashi a Turkiyya ta kai kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022. Maganar da ta fi cutar da iyaye ita ce, “In ya je zai sami aiki ya riƙe kansa.” Yankin ƙarami ne, ɗalibai sun yi masa yawa, ɗan aikin da ake samu a otal ko wurin gini ba ya biyan kuɗin makaranta. Da zarar yaro ya kasa biya, rajistarsa ta tsaya, takardar zamansa ta mutu, tara ta fara hawa kansa. Daga nan ne wasu ke faɗawa hannun miyagu, wasu su tsallaka Kudu a ɓoye su ƙare a sansanin masu neman mafaka na Pournara, inda da wuya a amince da buƙatar ɗan Najeriya.

Kada wani ya ce wannan matsalar talaka ce kawai. Gwamnatin Kano ta tura ɗalibai Jami'ar Near East a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, daga baya bashi ya taru, jami'ar ta riƙe takardun waɗanda suka gama har tsawon shekaru, sai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta biya aka sake su. Ɗaliban da Jihar Zamfara ta tura su ma an ji kukansu a kafafen labarai kan irin wannan. Idan jiha mai baitulmali za ta iya tuntuɓe a tsakiyar hanya, ina ga ɗan fansho da ya dogara da kuɗin fili ɗaya?

Abu na uku dawowa, kuma shi ne aka fi mantawa. Takardar da yaro zai kawo sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance ta kafin ya tafi hidimar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya ci jarrabawar MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, kafin ya taɓa majinyaci ko da a Asibitin Koyarwa na nan Gwagwalada ne. A 2024 an yi badaƙalar takardun digiri na bogi a wata jami'a da ke garin Guzelyurt a Arewa, har aka kama manyan mutane. Saboda haka kafin a biya kuɗin rajista, a tambayi matsayin jami'ar da na kwas ɗin a wurin YODAK, hukumar da ke sa ido kan jami'o'in yankin, da takwararta YOK ta Turkiyya, sannan a tambaya a nan gida. Daga Gwagwalada zuwa sakatariyar tarayya tafiyar awa ɗaya ce, zuwa da kai kuma ya fi saƙo. A kuma sani cewa Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a Arewacin Saifurus, tunda ba ta amince da shi a matsayin ƙasa ba. In wani abu ya sami yaro, kukan sai ya tsallaka teku zuwa Ankara. Wannan na cikin dalilan da suka sa shugabar NIDCOM, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a 2020, ta sake gargaɗi a 2022, bayan rahotannin mutuwar ɗaliban Najeriya a can.

Na san za a ce ina kashe wa mutane gwiwa, alhali ga waɗanda suka je suka dawo da digiri mai kyau. Gaskiya ne. Akwai 'yan Arewacin Najeriya da suka gama Jami'ar Eastern Mediterranean a Famagusta da wasunta, yau suna koyarwa a jami'o'inmu, suna aiki a asibitoci da kamfanoni. Amma ka zauna da su ka ji: yawancinsu sun san inda za su, sun san daga ina kuɗin kowane zango zai fito, suna da wani amintacce a can kafin su sauka. Nasararsu hujja ce ga shiri, ba hujja ce ga tafiya da ka ba. Shi kuma “kada ku je” kaɗai ba zai tsayar da kowa ba, muddin uba yana ganin ɗansa ya ci JAMB bai sami gurbi ba, ko ya samu ana ta rufe makarantar.

Muna da abin koyi a hannunmu. Maniyyacin da zai yi wata guda a Saudiyya ba ya hawa jirgi sai an yi masa bita: an nuna masa hanya, an faɗa masa guzurinsa, an sanar da shi dokokin ƙasar da wanda zai nema in ya shiga matsala. Me zai hana a yi wa yaron da zai yi shekara huɗu a ƙasar da ba mu da jakada irin wannan? Ba sai an jira Abuja ba. Sashen ilimi na Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, da kwamitocin masallatai da majami'u, da ƙungiyoyin iyaye da malamai na makarantun sakandare, za su iya kiran waɗanda suka yi karatu a can su zauna da iyaye sau ɗaya a shekara, bayan fitowar sakamakon JAMB. Gwamnatin tarayya kuma ta yi wa dillalan karatu rajista, ta tilasta musu rubuta wa iyaye cikakken kuɗin shekara huɗu da sunan ɓangaren tsibirin da za a sauka.

Kafin a kai ga haka, kowane uba da kowace uwa su riƙe tambayoyi huɗu. Wane filin jirgi yaron zai sauka, Ercan ko Larnaka? Nawa ne kuɗin dukkan shekarun da kuɗin waje, kuma daga ina za su fito in naira ta sake faɗuwa? Wace hukuma ce a Najeriya ta tabbatar za ta karɓi takardar? Wa za a kira a can da tsakar dare in waya ta daina shiga? Ejan da ya kasa amsa su a rubuce bai cancanci kuɗinka ba, kuma tafiyar da ba ta da amsarsu gara a ɗaga ta zuwa baɗi.