Allon da Direba Bai Karanta Ba



Kwanakin baya na kai ziyara Sule Tankarkar, na ga wani allo da iyayen yara suka haɗa kuɗi suka kafa a bakin titi, kusa da wata makarantar Islamiyya. An rubuta masa: "Don Allah direbobi ku rage gudu, yara suna tsallakawa." Niyya mai kyau, Allah ya saka musu. Sai dai haruffan ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma a ƙofar makarantar aka kafa shi. Ni da nake tafe a ƙasa na karanta. Direba fa?

Mu ɗan yi lissafi, 'yar'uwa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana shafe mita 22 a daƙiƙa ɗaya. A ƙa'idar da injiniyoyin hanya na Amurka ke bi, harafi mai tsawon inci 1 ana karanta shi ne daga nisan ƙafa 30, wato kimanin mita 9. Ke nan harafi mai inci 3 sai direba ya iso mita 27 kafin ya gane shi. Daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, ya wuce. Idan ana so ya samu daƙiƙa 3 na karatu, sai harafin ya kai inci 7 zuwa 8, kusan taƙi guda. Yadda gudu ya ƙaru, haka ya kamata allo da rubutunsa su ƙara girma.

Karatu daban, tsayawa daban. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ƙiyasta cewa ƙaramar mota mai wannan gudu tana bukatar mita 53 kafin ta tsaya cak, a busasshen titi. To ina ga tirelar da ta ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ga kuma hazon hunturu?

Dokar hanya ta Najeriya ta taƙaita gudun ƙananan motoci a cikin gari zuwa kilomita 50 a awa, amma direban da ya sako gudu daga Gumel bai san ya shigo wurin yara ba sai an sanar da shi da wuri.

Don haka idan aka kira taron iyaye da malamai, kada ki yi shiru. Ki ce a rage kalmomi, "YARA" ko "RAGE GUDU" sun isa. A sa hoton yara masu tsallakawa, domin ba kowane direba ne ke karanta boko ba. A yi amfani da fenti mai ƙyalli, saboda 'yan makarantar dare. A kafa allon tun da nisa, ta ɓangarorin biyu, bayan an nemi shawarar jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC. A kuma riƙa sare reshen da ya rufe shi.

Amma ki sani, allo ba ya taka birki. Ki koya wa yaronki ya tsaya, ya duba hagu da dama, kada ya yi tsere da mota. Rigakafi ya fi magani.

Yaya allon makarantar yaranki yake? Gobe ki tsaya daga nesa ki gwada karanta shi, sannan ki faɗa mana a ƙasa. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.