Na rushe shafina na intanet saboda wayar wani dattijo daga Ajingi



Gyaran waya nake yi a nan Gaya. Rubuta kod kuwa sha'awa ce kawai, sai an rufe shago nake zama a kai, a waya, da manhajar Acode. Shekara biyu da suka wuce na haɗa wa kaina shafin intanet, na zuba masa duk abin da na gani a bidiyon koyarwa: hotuna masu zamewa da kansu, bidiyo a sama, rubutu yana tashi yana sauka. A wayata, idan sabis ya cika, kai ka ce shafin banki ne.

Rannan wani dattijo daga Ajingi ya kawo ƙaramar Android mai RAM 1GB, na canza masa sikirin. Ya tambayi kuɗin batir na wayar ɗansa, ni kuma da zumuɗi na ce, "Baba, ai duk farashin yana shafina, bari in nuna maka." Na buɗe a wayarsa. Fari fat. Muka jira, muka jira. Can ya ce, "Injiniya, jiya na sa datar nan fa, kar ka ƙarar min da ita a kallon farin allo."

Wallahi na ji kunya. Ni da nake buɗe irin waɗannan wayoyi kullum, na san cikinsu da bayansu, amma na gina shafin da ba za su iya ɗauka ba.

Ra'ayina a nan shi ne, duk mai koyon kod a yankinmu da zai sake fasalin shafinsa, to ya fara duba wayar da ke hannun mutanensa kafin ya duba abin da ake yayi. Yawancin abin da ke zuwa teburina ƙananan itel ne da Tecno, ma'ajiyarsu ta cika da bidiyon WhatsApp. Da yawa kuma da Opera Mini suke shiga intanet, ita kuwa matse shafi take yi don rage cin data, shi ya sa kwalliyar JavaScript ba lallai ta yi aiki a cikinta ba. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Shafinka mai nauyi daga aljihun mai karatu yake ci.

Da na zauna bincike, hotuna ne babban ɓarawon. Hoto ɗaya kai tsaye daga kyamarar waya yakan kai 3MB, ni kuma na jera kusan goma a shafin farko. Na rage faɗinsu, na mayar da su WebP ta Squoosh, kyauta ne kuma a burauza yake aiki. Bidiyon na cire gaba ɗaya, babu wanda ya taɓa tambayata ina ya tafi. Sauran na sake rubutawa da HTML da CSS zalla, na ɗora a GitHub Pages, shi ma ba a biyan ko sisi.

Wani abin da masu koyarwa na waje ba za su gaya maka ba: haruffanmu masu ƙugiya. Salon rubutun da na ɗauko don ƙawa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga a tsakiyar kalma harafi ɗaya ya fita daban kamar baƙo a gidan biki. Na jefar da shi, na bar wanda wayar ta zo da shi, na tabbatar akwai layin utf-8 a saman kod ɗin. Magana ta ƙare, nauyi ma ya ragu.

Wani abokina da ke koyon React a Kano ya ce na koma baya, wai mai neman aiki dole ya nuna gwaninta. Ban ƙi ta tasa ba, in kamfani kake so ya gani, yi masa shafi daban. Ni mai kawo min waya nake so ya ga farashi da lokacin buɗe shago, ya danna ya kira ni. Wasu kuma na cewa Facebook ya isa. Ina amfani da shi, ga ni a ciki ma, amma mun ga ranar 4 ga Oktoba 2021 da ya ɗauke kusan awa shida tare da WhatsApp da Instagram.

In kana da shafi, gwada wannan yau: mayar da wayarka kan 3G, ko ka ari ta ƙaninka, ka buɗe shi kana ƙirga daƙiƙa. Sannan ka sa adireshin a PageSpeed Insights ka ga abin da ke jan ƙafarsa.

Ni dai na ajiye wata tsohuwar waya mai tsagaggen sikirin a aljihun tebur, duk abin da na canza sai ta buɗe shi kafin in sake shi. Aikin da ya rage min shi ne jerin farashi, don duk zuwan da zan yi Farm Centre sai na tarar kuɗin sikirin ya motsa.